Gumbar Kukun Turawa

Bana ruwa ya yi mana nawa. Mun shiga watan da ya kamata a ce gero ya kai gwiwa, amma gonaki na nan fari fat. Kullum da la'asar sai hadari ya taso daga gabas ya yi ta gurnani, mu fito da robobi, ya watse ya bar mu tsaye. Jikokina ko a jikinsu, tunda akwai shago a bakin hanya kuma iyayensu na aiko da na taliya. Suna kwance gindin dogon yaro, kowa ya manna fuska a waya. Shekaranjiya jikata Hadiza, wadda ke karatu a Sakkwato, ta ja dogon tsaki ta miƙo mini wayarta. Wani tsohon fim ɗin Turawa take kallo, irin marar kalar nan.

"Kaka, diba wanga rainin hankali," in ji ta. "Baƙin mutum guda na cikin gidan duka, kuku na, kuma ki tsaya ki gani, shi za a hwara kashewa."

Na ce mata wannan karatun na sauke shi tun uwarta na cikin zanen goyo. Ta yi dariya, ta ɗauka tsokana ce irin tamu. Na mayar mata da wayarta, don ba zan iya ƙarasa kallon ba.

Abin ya faru ne a farin nan na biyu, wanda ya same ni da goyon uwar Hadiza. Muna zaune a ƙauyenmu kusa da Turba, ni da maigidana da yara, sai gwaggonsa, Gwaggo Tumba, yayar mahaifinsa, wadda ɗakinta ke jikin rumbu. Tsohuwa ce siririya mai kaifin baki. Idan ta yaba miyarki, to ki tabbata ba ta da lafiya. Ɗa guda Allah ya bar mata, Nomau, shi kuma tun farin farko ya ɗaura ƙunshinsa ya tafi kudu cin rani. Ya ce mata zai dawo kafin ruwan shuka, ta adana masa irinsa. Wajen shekara goma ke nan ba shi ba labarinsa.

Irin nasa gero ne mai doguwar zangarniya, ya gaje shi wurin ubansa, kuma ya san ƙasarmu, ba ya jiran dogon ruwa. Kowace shekara Gwaggo sai ta kira gayya a noma gonar Nomau. Da kaka ta zauna ta zaɓi zangarniyar da ta fi ƙoshi, ta sussuke da hannunta, ta gauraya da toka, ta zuba a wani baƙin tulu, ta liƙe bakinsa da laka ta tura ƙarƙashin gado. Ba mai taɓa tulun nan sai ita.

Shekarar da nake ba da labari, ruwan farko ya sauka ɗan kaɗan, gari ya fita shuka. Gwaggo ta je bakin gona, ta tona ƙasa da yatsa, ta ce laimar ba ta kai ba, ba za ta buɗe tulu ba. Muka yi ta gulmarta, ni ce ma kan gaba. Shukarmu ta tsiro, ta yi kunne biyu, rana ta ƙone ta. Aka sake samun yayyafi, muka sake zuba sauran irinmu, shi ma ya bi ɗan'uwansa. Sai aka wayi gari a duk gidanmu babu ƙwayar iri sai abin da ke cikin tulun Gwaggo. Maigidana ya je ya durƙusa gabanta. Ta bar shi ya gama dogon bayaninsa, sannan ta ce ranar da aka yi ruwan kirki za ta raba biyu, rabi gonar Nomau, rabi tamu. Daga ranar duk tsammaninmu ya koma ƙarƙashin gadon nan. Idan na shiga share mata ɗaki, sai na leƙa na ga tulun kafin hankalina ya kwanta.

Rayuwar watannin nan ba ta da wuyar faɗi, don kullum iri ɗaya ce. Da asuba mu mata mu ɗauki tuluna mu gangara gulbi. Gulbin kuwa yashi ne zalla, sai an yi tono har mutum ya nutse zuwa ƙugu, sannan ruwa ya riƙa tsattsafowa ana kwalfa da ƙoƙo. Idan kin makara, sai ki tarar da laka. Mu dawo da hantsi, mu shiga daji neman anza. 'Ya'yan anza ɗaci gare su kamar maɗaciya, sai an jiƙa an zubar, an jiƙa an zubar, ga ruwan kuma da tsada. Da rana ba mai motsi. Ƙasa na ƙuna ta cikin takalmi, kaji na buɗe baki a inuwar rumbu, yara sun daina ma kuka, sai dai su kwanta su zuba miki ido. Tukunya sau ɗaya take hawa murhu, da yamma, mafi yawa garin rogo ne da busasshiyar kuka. Fura kuwa mun manta da ita, don matan Fulani sun daina shigowa da nono. Shanu suna faɗuwa a hanyar Bafarawa, ba mai ko tsayawa fiɗa.

Abin da ya riƙe gidanmu, kada ku yi dariya, akwatin kallo ne. Maigidana ya taɓa yin gadi a kudu gidan wani Bature. Da Baturen zai koma ƙasarsu, sai ya bar masa talabijin da bidiyo da ƙaramin inji, da kwali guda na kaset. Ya kawo su gida aka jibge a zaure, na yi ta mita cewa wasu mazan da keken ɗinki suke dawowa. Da shuka ta mutu maza suka rasa abin yi, sai ya kakkaɓe kayan, ya rataya tabarmi a ƙofar zaure don duhu, ya fara nuna fim bayan azahar. Mai ɗan gari ya kawo ludayi guda, mai itace ya kawo itace, wanda ba shi da komai ya shigo haka nan. Da abin da aka tara muke ɗora tukunya, maigida kuma ya hau keke zuwa Sabon Birni ya samo mai. Za ku ce mai jin yunwa ina shi ina kallo. Ai yunwa ta fi cizo idan mutum na zaune shiru.

Mu mata muna kallo ta bayan asabarin ƙofar cikin gida. Kaset ɗin nan duk kusan labari ɗaya ne. Wani katafaren gida a kan tudu, Turawa sun taru a ciki, sai a riƙa kashe su ɗaya bayan ɗaya ba a san mai kisan ba, wani lokaci har da fatalwa. Maigidana ya tsinci ɗan Turanci wurin gadi, shi ke tsaye gefe yana fassara, inda bai gane ba ya cike da nasa. Amma gaskiya ba kisan ne ke tara maza ba. A finafinan nan kullum ruwa ake yi. Tsawa, walƙiya, ruwa na kwarara jikin taga, Turawa kuma suna rufe labule suna ɓata rai. Akwai wani Bafillace abokin maigidana, Ja'e, wanda shanunsa suka ƙare sai 'yar karsana guda. Shi da an nuno ruwa sai ya ce a mayar baya ya sake gani. Ga kuma dogon teburi shaƙe da nama da burodi, a zauna, wata ta yi ƙara, kowa ya tashi a bar abincin. Nan zaure ke kaurewa da zagi.

Mu irinmu kuwa ba mu cikin gidajen nan. Idan an nuno wanda ba Bature ba, to ko mai rawani ne da ke laɓe bayan ƙofa kowa na zarginsa, ko wasu ne tsirara a daji suna buga ganga. Ja'e ya ce shi ya duba kwalin nan kaf bai ga mai kiwo ko guda ba, alhali ga nama ana ci. Maigidana ya ce masa ai gara shi, Gobirawa ko a masu ganga ba a sa su ba. A duk kwalin, kaset ɗaya ne ke da baƙin mutum sanye da riga. Kuku ne, dogo, mai farar riga, yana shigowa da faranti ya sunkuyar da kai ya fita. Idan an yi tsawa sai ya zare ido, Turawan su yi masa dariya.

Gwaggo ba ta kallo. Ta ce aikin banza ne. Wata rana ta ratsa zaure za ta fita, daidai lokacin da kukun ya shigo da faranti. Ta tsaya cak. Ta matsa har gaban akwatin, ta tsuguna, ta kare idonta da hannu.

"Labbo," ta kira maigidana, don ita ke da bakin faɗin sunan, "wanga wa na?"

"Kuku na, Gwaggo. Mai dahuwar Turawa."

"Tahiyar Nomau ta. Diba yadda shika jehwa ƙahwa."

Wani daga baya ya ce ai wannan ba shi da tsagar Gobir. Gwaggo ba ta ko waiwaya ba, ta ce Turawan da suka iya sa mutum cikin akwati, shafe tsaga zai gagare su? Aka yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta aika aka ɗauko mata buzunta, ta zauna.

Hankalin maigidana ya tashi, don ya san abin da ke gaba. Ba a yin nisa cikin fim ɗin ake kashe kukun. Da ya ga an kusa wurin, sai ya kashe akwatin ya ce inji ya yi zafi, ga kuma la'asar ta yi, a tashi a yi salla. Ya raka Gwaggo har ƙofar ɗakinta, ya ce mata an aiki kukun wani gari, ba ya sake fitowa. Ta ce to, Allah ya kai shi lafiya.

Daga nan abin ya zama al'ada. Duk ranar da za a sa kaset ɗin nan sai Gwaggo ta yi wanka da ɗan ruwan da ta tara, ta ɗaura zanenta na saƙi, ta zo gaba ta zauna. Tana yi masa magana. Ta ce ya rame, ta ce farantin ya yi masa nauyi, ta yi wa Baturiyar da ke daka masa tsawa Allah ya isa. Maza duk sun san dabarar, kuma ba wanda ya taɓa tona ta. Da an zo wurin, tun kafin maigida ya motsa sai ka ji wani ya ce yana jin ƙaurin inji, Ja'e ya ce shi ma ya ji. A tashi, Gwaggo ta shige ciki, a dawo a ƙarasa. Mutanen da yunwa ta sa suna faɗa kan ƙoƙon ruwa a gulbi, a wannan guda bakinsu ya zo ɗaya. A kwanakin nan Gwaggo ta fi cin abinci, har waƙa na ji tana yi wa goyona. Ni kuma na ce a raina, in dai ƙaryar nan za ta riƙe ta, ta riƙe tulun, to a yi ta yi.

Ranar da abin ya lalace, hadari ne ya jawo. Ana cikin kallo sai iska ta sauya, ta zo da sanyi da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, daga ina oho. Wani yaro ya leƙo ya ce gabas ta yi baƙi ƙirin. Zaure ya watse. Har maigidana ya fita a guje ba takalmi, ya manta da akwati, ya manta da Gwaggo. Ni ma na shiga ciki na fito da duk wani abu mai baki, tukwane, ƙorai, har turmi na gyara masa zama. Muka tsaya muka ɗaga kai. Aka yi walƙiya, aka yi tsawa, 'yan ɗigo suka faɗo manya-manya, ƙasa ta shanye su nan take. Sai iska ta kwashe hadarin ta yi arewa da shi.

Ina tattara ƙorai raina a ɓace na ji inji na ci gaba da ƙara. Na ɗaga asabari, na tarar da Gwaggo ita kaɗai a zaure. Kukun na kwance a gindin matakala, farantinsa ya kife, ƙafa ɗaya ta lanƙwashe. Na nufi akwatin, ban ma san inda ake kashewa ba.

"Bar shi, Kulu," in ji ta. "Zamna."

Na zauna. Turawa suka zo da fitila suka haska shi. Wani mai hula ya taɓa wuyansa ya girgiza kai, ya miƙe. Wata ta tattare rigarta ta tsallake ƙafarsa ta hau sama. Shi ke nan. Can gaba aka kashe wani tsohon Bature, aka lulluɓe shi da farin ƙyalle, mata na kuka, maza sun cire huluna. Maza suka fara dawowa zaure ɗaya-ɗaya, kowa ya ga abin da ke gudana sai ya rakuɓe jikin bango. Maigidana ya shigo ya yi tsuru-tsuru. Gwaggo ta ɗaga masa hannu, ba ta bari ya kashe ba. Ta kalli fim ɗin har ƙarshe, har aka kama mai kisan, ruwa ya ɗauke, saurayi da budurwa suka shiga mota suka tafi. La'asar ta kusa wucewa ba wanda ya tashi.

"Ina anka kai shi?" ta tambaya.

"Ba su nuna ba, Gwaggo," in ji maigidana.

"Mi sunka ce sunanshi?"

Maigidana ya sosa ƙeya. Ya ce shi dai duk kallon da ya yi wa kaset ɗin bai taɓa jin an kira sunansa ba, kuku kawai suke cewa. Ta gyaɗa kai, ta naɗe buzunta ta shiga ciki. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ci tuwon yamma ba.

Kwana biyu ba ta fito ba sai alwala. A rana ta uku maigida ya yi sammakon zuwa Sabon Birni neman mai. Na dawo daga gulbi ke nan na sauke tulu, sai na ji ƙwas-ƙwas daga ɗakinta. Ta fito tana jan baƙin tulun nan, ta riga ta fasa lakar bakinsa. Ta ce in kawo faifai da turmi, yau uku da mutuwar kukun, gumba za a yi sadaka.

Na durƙusa na riƙe ƙafarta. Na ce Gwaggo ki dubi yaran nan, ki dubi goyon bayana, wannan fa shi ne abincinmu na baɗi. Na ce wasa ne na Turawa, mutumin nan bayan an gama tashi ya yi ya kakkaɓe rigarsa. Na ce ta jira maigida ya dawo. Duk abin da ya zo bakina na faɗa, har da wanda bai kamata ba. Ta bar ni na gama, kamar yadda take barin kowa.

"In ba ki dakawa, za ni daka da kaina."

Ta zuba a turmi ko tokar ba ta sheƙe ba, ta ɗaga taɓarya. Hannun ba ƙarfi, taɓaryar na sauka a gefe, gero na tsalle yana zuba ƙasa, kaji suka rugo. Ganin irin nan a bakin kaji shi ne abin da ban iya jurewa ba. Na karɓi taɓaryar. Na sheƙe, na surfa, na wanke da ruwan da na kwana biyu ina tattali, na daka. Ina daka ina kuka, tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana kallon hannuna, ko runtse ido ba ta yi, balle in ƙulle wani abu a bakin zane. Ba sukari, sai ɗan barkono da citta da ta ciro daga ƙullinta. Ƙamshin ɗanyen gero ya cika gidan, ƙamshin da muka yi watanni ba mu ji ba. Kafin in gama dunƙulawa yaran unguwa sun cika ƙofa, ba wanda ya kira su.

Ta raba da hannunta. Kowane yaro ta ba shi dunƙule ta ce ya yi wa baƙo addu'a. Ta aika wa tsofaffi, ta aika gidan liman, ta aika wa Ja'e. Yarana ma sun ci. Ba zan ɓoye ba, ni ma na ci, kuma ban taɓa cin abu mai daɗi da ya tsaya mini a wuya kamar gumbar nan ba.

Maigida ya dawo gab da magariba, tun a hanya labari ya tarbe shi. Ya jingina keke, ya wuce ɗakinta kai tsaye, na bi shi don ina tsoron abin da zai fito bakinsa.

"Gwaggo, kin kashe mu. Kuma don wa? Wallahi ba Nomau na ba. Hoton ga an yi shi tun ba a haihi Nomau ba."

"Na sani."

Ya tsaya yana kallonta.

"Ni na riƙe kan Nomau rad da wanzami yat tsaga shi," in ji ta. "Ka ga ina mance huskar ɗana? Tun rana ta hwarko na san ba shi na ba. Kuma na san inji bai zahi, ku duka ba ku iya ƙarya ba."

"To don mi, Gwaggo?"

"Shekara nawa ina jira, Labbo, ba a kawo man rai ba, ba a kawo man gawa ba. Wanga na gane shi da idona, kwance, an ƙetare shi, ko suna babu. Ɗan wata na. In nawa na can wani wuri kwance hakanan, ina roƙon Allah uwar wani ta daka mai."

Sai a lokacin ta yi kuka, kukan da ban taɓa ganin ta yi ba tun da aka kawo ni gidan. Maigida ya zauna a ƙasa bakin gadonta ya rufe fuska da hula. Ni kuwa haushi da tausayi suka haɗu mini, kuma har yau ba su rabu ba. Idan na tuna yaran nan suna lashe yatsu sai in ce ta yi daidai. Idan na tuna abin da ya biyo baya sai in ce ina ma na ɗauke tulun na gudu da shi gidan maƙwabta.

Ba a yi mako biyu ba ruwa ya sauka, ruwan kirki, irin wanda take jira. Ya fara da hantsi bai ɗauke ba sai yamma. Indararo na zuba, kwaɗi suka fito daga inda suka ɓuya, gulbi ya kawo har muna jin ƙugin sa daga gida. Washegari duk wanda ya rage da ɗan iri ya fita da sungumi. Mu muna tsaye bakin ƙofa muna yi musu barka da ruwa. Gwaggo ta je gonar Nomau, ta tona ƙasa da yatsa kamar yadda ta saba, ta dawo gida.

Maigida ya ɗora talabijin da bidiyo da inji a kan jaki, har da kwalin kaset, ya kai kasuwar Bafarawa. Wani ɗan kasuwa daga wajen Maraɗi ya karɓa, ya ba shi gero. Geron buhu ne da aka kawo a mota, ba wanda ya san ƙasar da ta haife shi. Aka yi mana gayya, maza suna sara da ciki ba komai, muna binsu muna zubawa muna takewa. Ya tsiro kuwa, ya yi kore shar, ya yi tsawo ya wuce na kowa, har masu wucewa na tsayawa kallo. Amma geron ƙasar dogon ruwa ne. Na maƙwabta ya fitar da kai ya yi ido, namu yana ta ganye. Ruwa ya ɗauke ya bar shi da ciki bai haihu ba. Kara muka girbe, karsanar Ja'e ta ci.

Bayan kaka maigida ya ɗaura ƙunshinsa. Ba shi da zaɓi, rumbu wayam, ga yara. Ya shiga yi wa Gwaggo sallama, ta riƙe hannunsa ta daɗe ba ta saki ba. Ba ta ce ya yafe mata ba, shi ma bai ce ya yafe ba. Ta ce dai duk inda ya sauka ya faɗa wa mutanen wurin sunansa da na garinsu. Ya ce to. Ya bi hanyar da Nomau ya bi, ni kuma na fara irin jiran da na daɗe ina ganin tsohuwa na yi ina cewa ta cika naci. Nawa ya dawo, bayan damina biyu, da tari a ƙirji wanda bai rabu da shi ba har ya koma ga Allah. Geron Nomau mai doguwar zangarniyar nan kuwa ban sake ganin irinsa ba, na tambaya har Alkalawa.

Gwaggo ba ta ga dawowarsa ba. Da bazara, cikin zafin nan mai hana numfashi, ta kwanta kwana kaɗan ta cika, kanta a cinyata. Ba ɗanta, ba ɗan ƙanenta, kuma ba mu san inda za a aika a gaya musu ba. Maƙwabta ne suka haƙa kabari, su suka ɗauki makara, Ja'e na riƙe da gaba.

Ranar uku na tashi ba ni da ko ƙwayar da zan jefa a turmi. Na zauna bakin murhu ina tunanin wannan tsohuwa za ta tafi ba a daka mata komai ba. Sai na ji sallama a zaure. Ja'e ne, ya sayar da karsanarsa, ya zo da gero a ƙullin rawaninsa. Ya ajiye bakin asabari, ya ja baya. Na kwance, na zuba a tafin hannu ina juya ƙwayar, ina duban girmanta, ban ma san ina yi ba.

"Daka shi, Kulu," in ji shi. "Wanga ba iri na ba."